Muhawara: "Aqua Vitae" a jikin ledar ruwa, da rikicin fassara zuwa Latin

Alhaji Mai Ruwa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masana harsuna. Muna shirin buɗe ɗan kamfanin ruwan leda, an gama rijiyar burtsatse, inji ma ya iso. Saura suna kafin mu kai takardu NAFDAC. Sunayen Larabci duk an cinye su a garinmu, daga Zamzam sai Kausar sai Salsabil. Yarona ya ce mu ɗauko na Latin, wai ya fi aji. Ya rubuta water of life a manhajar fassara ta waya, ta ba shi Aqua Vitae. Ni dai ya yi mini daɗi a baki. Akwai kuma wasu kalmomin da yake son a juya: pure, clean, health, family. Wanda ya san harshen ya duba mana kafin mai buga leda ya fara aiki, don kuɗin bugu ba wasa ba ne.

Baban Iman: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka Alhaji. Sunan ya yi, sai ka ce daga waje aka shigo da shi.

Malam Bitrus: Alhaji, ranka ya daɗe, kira mai buga ledar nan yanzu ka ce ya dakata. Na yi Latin a makarantar horar da limaman Katolika kafin in koma koyarwa, sunan nan na san shi sarai. Kalma da kalma manhajar ba ta yi ƙarya ba: aqua ruwa, vita rai, vitae kuma "na rai". Sai dai Turawa sun riga ka amfani da shi da ɗaruruwan shekaru, kuma abin da suke kira aqua vitae barasa ce mai ƙarfi, irin wadda ake dafawa a tara tururinta. Masu haɗa magunguna na da ne suka laƙaba mata, don a ganinsu ba cutar da ba ta yi wa magani. Daga nan kowace ƙasa ta juya sunan zuwa harshenta. Faransawa suka ce eau-de-vie, mutanen Suwidin da Denmak suka ce akvavit. Ita kanta kalmar wiski daga uisce beatha ta mutanen Ailan ta samo asali, ma'anarta ruwan rai.

Ɗan Maraɗi: Gaskiya ne wallahi. A nan wajenmu duk wanda ya yi lakwal, wato boko, ya san eau-de-vie ba abin da ake ba baƙo ba ne in ya sha rana.

Baban Iman: To na janye "sunan ya yi" 😂 Alhaji da Hisba sun tare motarka tun a shingen farko.

Alhaji Mai Ruwa: Inna lillahi! Ni da na je Makka in buga sunan giya a leda in raba masallatai ranar Juma'a. Allah ya saka da alheri Malam Bitrus. To me zan sa?

Malam Bitrus: Amin. Mafi sauƙi shi ne Aqua Pura, tsarkakakken ruwa. Amma lura, in yaronka ya rubuta pure ita kaɗai, purus zai gani, kuma aqua purus kuskure ne. Aqua mace ce, dole sifarta ta bi ta: purus ga namiji, pura ga mace, purum ga jinsi na uku wanda ba namiji ba mace ba. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda mu ma muna cewa farin gida, farar mota.

Akwai fons, idon ruwa ko maɓuɓɓuga. Ita ce a ƙarshen taken Jami'ar Ibadan, Recte Sapere Fons. Lafiya kuma kalmomi biyu ne, sanitas da salus. Ta biyun ta fi faɗi, ta haɗa lafiyar jiki da tsira da gaisuwa.

Sauran biyun suna da tarko. Clean ana cewa mundus, amma mundus ɗin nan kuma ita ce duniya. Familia kuwa ba mata da 'ya'ya kawai take nufi ba a bakin mutanen Rum. Daga famulus ta fito, wato bara, kuma tana nufin duk wanda ke ƙarƙashin ikon maigida, har da bayi. Ƙamus na ba ka kalma ɗaya a gaban ɗaya, ba ya gaya maka abin da masu harshen suka ɗora mata.

Ustaz Mai Nahawu: Malam Bitrus, abin da ya ja hankalina shi ne vita da ta koma vitae. Wannan ai li'irabi ne. Ko Latin ma ƙarshen kalma ke nuna mai aiki da wanda aka yi wa, kamar daraba Zaidun Amran?

Malam Bitrus: Allah gafarta malam, ka harbo shi daidai. Duba waɗannan biyun. Canis puerum mordet: kare yana cizon yaro. Canem puer mordet: yaro ne ke cizon kare. Jerin kalmomin bai motsa ba, kare na farko, yaro na biyu, amma labarin ya juye saboda wutsiyar kalma. Larabci na da raf'u da nasbu da jarru, Latin na da guda shida. Ruwan Alhaji ma haka: aqua in shi ke aiki, aquam in shi ake sha, aquae in ana cewa "na ruwa". Shi ya sa mai ɗauko kalmomi ɗai-ɗai daga Turanci ya jera su yake fito da abin da ba ya karantuwa. Na sha ganin bajon makarantu masu zaman kansu da take irin wannan, an ɗinka a aljihun rigar yara ɗaruruwa, ba wanda ya tambaya. Wanda ya sha Ajurumiyya, littafin nahawun Larabci, zai fi ɗan boko zalla saurin kama Latin, wannan na tabbata.

Ƙari kuma, ba su da the, ba su da a, ba su ma da kalma guda tsayayya ta "e". Sukan ce ita ko sic, ko su maimaita aikatau ɗin tambayar. Daga sic ɗin ne si ta Italiya da Sifaniya ta fito.

Hajiya Mai Shago: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba nahawu na sani ba, sayar da ruwa na sani. Alhaji, ka faɗi Aqua Pura da bakin yaron da za a aiko shago. "Akwa fura." Wallahi kafin sati sunan ruwanka ya koma Akwai Fura, kuma haka za a riƙa kiransa har jikokinka.

Ɗan Maraɗi: Hajiya kin kashe ni 😂😂 Saura nono.

Garba Kishin Hausa: Hajiya ta gama magana. Ni tun ɗazu nake karatu ina mamaki. Mutum a ƙasar Hausa, rijiyarsa a ƙasar Hausa, masu sha Hausawa, amma sai an je kabarin wani harshe an tono suna. Wannan raina kai ne. Me ya haɗa mu da Latin? Ko Turawan da suka kawo boko sun watsar da shi. Kwalejin Barewa da Larabci ta yi takenta, Man jadda wajada, Jami'ar Bayero ma aya ta ɗauko. Sun rage daraja?

Malama Turanci: Malam Garba, kan batun suna ina bayanka. Amma "me ya haɗa mu da Latin" ɗin nan, a nan muka rabu. Tun safe kake magana da shi ba ka sani ba.

Ɗauki kamfani da Alhaji zai buɗe. Daga company ne, ita kuma daga com, tare, da panis, burodi: waɗanda ke cin gurasa tare. Kwabo daga copper ne, copper daga cuprum, ƙarfen tsibirin Saifurus inda Rumawa ke haƙo tagulla. Soja daga soldier, wanda asalinsa solidus ne, tsabar zinaren da sarkin Rum Kustantin ya fito da ita, wato soja shi ne mai karɓar biya. Asibiti daga hospes, baƙo, don masaukin baƙi ne tun farko. Bas guntun omnibus ne, "domin kowa". Mil daga mille passus, taku dubu. Fensir daga penicillus, 'yar wutsiya, sunan da suke kiran burushin zane. Ofis, inji, mota, kyandir, duk gidansu ɗaya.

Waɗannan ta bakin Bature suka zo. Akwai waɗanda suka riga Bature isowa. Takarda ta Sahara ta ratso, daga bakin Buzaye, su kuma kakanninsu a Arewacin Afirka sun karɓo charta daga Rumawa. Abin daɗin shi ne kati ma charta ɗin ce, ita ta Faransa da Ingila ta zagayo. Kalma ɗaya ta shigo mana sau biyu, ɗaya a kan raƙumi, ɗaya a jirgin ruwa.

Ustaz Mai Nahawu: In ƙara a kan na Malama. Dinari na Larabawa daga denarius ne, kuɗin Rum, kuma daga dinarin muka sami zinariya. Sabulu ta Larabci ya biyo, sabun, a Latin sapo. Ƙaisar kuwa Caesar ne. Malamanmu na da ba su ɓoye irin wannan ba. Imam Suyuɗi a cikin littafinsa Itƙan ya kawo maganar waɗanda suka ce siraɗi hanya ce a harshen Rumawa, masu binciken zamani kuma suna danganta ta da strata, shimfiɗaɗɗiyar hanya, wadda ta haifi street. Akwai malaman da ba su yarda akwai baƙuwar kalma a Alƙur'ani ba, Imam Shafi'i na cikinsu, saɓani ne tsoho. Na kawo ne don a san zancen ba yau aka fara shi ba.

Garba Kishin Hausa: To na ji. Amma duk waɗannan mun tauna su sun zama namu. Ba wanda ke cewa cuprum a kasuwar Kurmi. Abin da nake ƙi shi ne ɗauko ɗanye a manna don burga.

Malama Turanci: Wannan kam ba musu. Kuma akwai abin da yaron Alhaji ya kamata ya sani: kalmomin Turanci na yau da kullum yawancinsu ba na Latin ba ne. Water, house, bread, dog, hand, duk na gado ne daga ƙabilun Jamus da suka zauna Ingila. Latin daga sama ya sauko musu, kashi-kashi. Kaɗan tun suna cinikayya da Rumawa, kamar wine da cheese da wall. Wasu da zuwan Kiristanci a 597. Ambaliyar kuwa bayan 1066 ce, da Normandawa masu jin Faransanci suka ci ƙasar. Shi ya sa Bature ke da kalma biyu ko uku ga abu ɗaya: saniya cow ce tana gona, in ta hau teburin masu mulki ta zama beef. Ask ta talaka ce, interrogate ta ɗan sanda da alƙali. Kamar yadda muke da ruwa da wuta da gida namu na kanmu, amma hukunci da shari'a da ilimi da siyasa Larabci ne.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne mother da mater, ko father da pater. Waɗannan ba aro ba ne, 'yan'uwa ne, kaka ɗaya suka haɗa. Wani alƙalin Ingila a Kalkata, William Jones, ya yi bayanin wannan dangantaka a 1786 bayan ya karanci Sanskrit, tsohon harshen Indiya. Masu kallon finafinan Indiya ku tuna naam, suna, a Latin nomen. Das, goma, a Latin decem.

Baban Iman: Ni ma na san ɗaya! Salary daga salt ne, saboda da gishiri ake biyan sojojin Rum albashi. An turo mini a WhatsApp.

Malam Bitrus: Baban Iman, rabinsa ne gaskiya. Salarium tana da alaƙa da sal, gishiri, wannan haka ne. Amma babu wani marubucin Rum da ya ce an taɓa auna wa soja gishiri a matsayin albashi. Da tsabar kuɗi ake biyansu, kuma sunan albashin soja ma daban ne, stipendium. Mutanen baya ne suka ƙawata labarin, ya yi daɗin faɗa, ya bazu.

Baban Iman: Kai, a zauren nan mutum ba ya ci da rabonsa.

Barista: Ina kotu ne sai yanzu na leƙo. Malam Garba ya ce Turawa sun watsar da Latin, to mu lauyoyin Najeriya ba mu samu labari ba. Ex parte da kuke ji kullum a rikicin sarauta da na jam'iyyu, "daga ɓangare ɗaya" ne, an saurari mai ƙara ba tare da ɗayan yana nan ba. Alibi "a wani wuri". Subpoena "ƙarƙashin horo", ka zo ko ka sha hukunci. Habeas corpus umarni ne a kawo wanda ake tsare da shi gaban alƙali da jikinsa, Ingila ta yi masa doka ta musamman a 1679. Nolle prosequi kuwa, Antoni Janar ya ce ba ya son ci gaba da ƙarar. Abin da ke damuna shi ne wanda ake tuhuma yana tsaye a akwati, ana ta jifa da waɗannan a kansa, tafinta na fama, shi bai san ko sakinsa za a yi ko ɗaure shi ba.

Ga tsaraba ga 'yan siyasa. Minister ma'anarsa hadimi, daga minus, ƙarami. Kishiyarsa magister, malami, daga magis, babba. Candidatus mai farar riga ne, don mai neman kujera a Rum farar riga ƙal yake sawa. Senatus daga senex, tsoho, ka ga wanda ya fassara mana majalisar dattawa ya san aikinsa.

Hajiya Mai Shago: Wato minista hadimi ne, malamin makaranta shi ne babba? Lallai an yi mana musanye a hanya.

Nas Maman Hanif: Mu ma muna ciki. Duba katin da likita ya rubuta miki, Hajiya. In kin ga bd, bis die ne, sau biyu a rana. Tds sau uku. Nocte da dare. Stat guntun statim ne, a ba shi yanzu-yanzu. Prn, pro re nata, sai in buƙata ta taso, kamar maganin ciwo. Da yawa cikinmu haddace su muka yi a makaranta ba tare da an ce mana Latin ba ne. Ni shawarata kada kowa ya bar gaban mai ba da magani sai an faɗa masa da Hausa, ko a zana masa layi-layi a jikin ledar maganin yadda aka saba.

Ɗalibar Kimiyyar Tsirrai: Anti Nas, namu ya fi naku yawa 😅 Kuka Adansonia digitata, digitata don ganyenta kamar yatsu. Dawa Sorghum bicolor, mai launi biyu. Zogale Moringa oleifera, mai ɗauke da mai. Tsarin suna biyu ɗin nan Carl Linnaeus na Suwidin ne ya daidaita shi a 1753. Amma Malam Bitrus, ba duka ne Latin na gaske ba ko? Ɗorawa Parkia biglobosa ce, an ce don Mungo Park aka sa. Tsamiya kuma Tamarindus, tamar hindi ne na Larabawa, dabinon Indiya, aka liƙa masa wutsiya.

Malam Bitrus: Haka ne 'yata, riga kawai aka sa musu. Gawo ma Faidherbia ne, sunan Faidherbe gwamnan Faransa a Senigal. Amfaninsa dai shi ne ɗan Sin da ɗan Barazil da ke kanki ku san bishiya ɗaya kuke nufi. Har zuwa ƙarshen 2011 wanda ya gano sabon tsiro dole ya bayyana kamanninsa da Latin, daga 2012 aka yarda da Turanci.

Garba Kishin Hausa: To ka gani, su ma suna gudu. Yanzu tsakani da Allah akwai mai magana da shi? Yaya za su ce babur ko kwamfuta?

Malam Bitrus: Ba wanda uwarsa ta yi masa rawa da shi, wannan gaskiya ne. Amma bai mutu irin mutuwar da kake nufi ba, rikiɗa ya yi ya zama Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci da Fotugis da harshen Romaniya. Ɗan Maraɗi in ya kira malaminsa mushe, monsieur yake faɗa, asalinta meus senior, babbana. Shi tsohon kuma Fadar Vatican na rubuta manyan takardunta da shi. Fafaroma Benedict na 16 da Latin ya sanar da murabus ɗinsa ranar 11 ga Fabrairu 2013. Gidan rediyon ƙasar Finlan ya yi ta karanta labarai da shi duk mako daga 1989 zuwa 2019. Sababbin abubuwa kuma Vatican ta fitar musu da ƙamus. Babur birota automataria, mai ƙafa biyu mai tafiya da kansa. Kwamfuta instrumentum computatorium.

Garba Kishin Hausa: Wato na'ura mai ƙwaƙwalwa irin tasu. Kafin ka gama kiran birota ɗin nan ɗan acaɓa ya kai Sabon Gari.

Alhaji Mai Ruwa: Jama'a na gode ƙwarai. Na karanta wa abokin haɗin gwiwata duka, ya yi dariya har da hawaye a kan Akwai Fura. Mun tsaya a kan sunan Hausa, na unguwar da rijiyar take. Yaron ya ɗan ɓata rai, na ce ya zo zauren nan ya yi karatu. Hajiya, in mun fara zan aiko miki da jaka biyar ki ɗanɗana.

Hajiya Mai Shago: Goma dai Alhaji, ni na ceci jarinka.

Barista: Kafin a watse, Malam Bitrus ka raba mana wata gardama. In alƙali ya ɗage shari'a ba tare da sa rana ba, mu "saini dayi" muke cewa. Wani abokina da ya yi karatu a Italiya ya ce duk ɓata shi muke yi.

Malam Bitrus: Sine die, ba rana. Abokinka na da gaskiya, amma shi ma ba irin na Kaisar yake yi ba. Lafazi uku ne ke yawo. Na mutanen Rum na da, wanda masana suka gano ta hanyar waƙoƙi da yadda Girkawa ke rubuta sunayen Rumawa: c kullum k ce, v kuma w ce, ae kuma "ai". A nan veni, vidi, vici "weni, widi, wiki" ne, Caesar kuma "Kaisar", ka ga Larabawa sun fi Ingilishi kusa da asali. Na biyu na coci, mai bin bakin Italiya, a nan Caesar "Cezar" ne, shi muka koya. Na uku naku na lauyoyi, wanda Ingilawa suka karanta haruffan kamar Turancinsu. A na farko da na biyu duka "sine diye" za ka ce, yadda Bahaushe zai karanta shi in ya gan shi a rubuce. Wasulan Latin biyar ne, a e i o u, masu tsawo da gajeru, kamar namu.

Barista: Wato in na karanta shi da bakin Hausa na fi Sarauniyar Ingila daidai.

Malam Bitrus: Nesa ba kusa ba.

Barista: Madalla. Amma gobe ina gaban mai shari'a da ƙarfe tara, kuma "saini dayi" zan ce masa. Ba zan je in gyara wa alƙali lafazi ba alhali neman beli na zo.